Aikin Ƙasa a Farin Gada

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Yuli na shekarar 2023, wadda ta yi daidai da ashirin da uku ga Zulhajji, 1444, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, jikana Jabir ya faɗo daga saman wata babbar mota a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada. Daga inda ƙafarsa ta zame zuwa inda ƙeyarsa ta sauka, ƙafa goma sha ɗaya ne da 'yan inci. Na koma daga baya na auna. Mutum bakwai ne suka ga faɗuwar. Huɗu sun ce bai suma ba, biyu sun ce ya suma kamar tsawon karatun Fatiha, ɗaya kuwa ya ce shi kabejin da ya warwatse yake kallo. Shekarun Jabir ashirin da takwas a lokacin, yana da mata mai suna Hassana, da 'yarsu Ummi, kuma dukkansu a gidana suke zaune a Nasarawa Gwom.

Shekara tara ke nan yana lodi a wannan kasuwa, inda ƙananan motoci ke kawo kabeji da karas da dankalin turawa daga ƙauyukan Mangu da Bokkos, a juye su cikin manyan motoci masu tafiya Anaca da Fatakwal. 'Yan lodi iri biyu ne, na ƙasa da na sama. Na sama shi ne mai jera buhuna a bayan mota yadda nauyi ba zai rinjaya gefe guda ba idan an shiga gangare, kuma ba a ba mutum wannan matsayi sai ya daɗe an ga hankalinsa. A ƙa'idarsu, idan na sama ya yi ciwo ana riƙe masa gurbinsa mako biyu. In bai dawo ba, a ba wani. Iyakar abin da na sani ke nan game da sana'ar jikana, kuma a ganina na lokacin, na san da yawa.

Ɗaukar kaya ne ya kawo zuriyarmu wannan gari. Kakana ya baro Kazaure a 1924, ya yi shekara ashirin yana ɗaukar kwanon kuza a kansa a ramukan haƙar ma'adinai na Bukuru. Mahaifina ya yi aikin jirgin ƙasa. Ni aka sa ni makaranta, na shiga aikin tarho a 1966, na ajiye a 2001, kuma a tsawon rayuwata ban taɓa ɗora wa kaina abin da ya fi hula nauyi ba.

A ranar da ya faɗi, an kai shi asibiti aka ɗauki hoton kansa, irin wanda ake yi cikin 'yan mintoci don a ga ko ƙashi ya tsage ko jini ya taru. Aka ba mu takarda mai hatimi. Shu'aibu, shugaban 'yan lodin, wanda ya rako mu da lakar kasuwa a ƙafarsa, ya miƙo mini ita ya ce in karanta musu, tunda ni ne mai boko. Na karanta kamar yadda aka rubuta: ƙashi bai tsage ba, babu jini, ba a ga wani abin damuwa ba. Kowa ya yi hamdala. Jabir yana zaune a bakin gado da kumburi a ƙeya, ya dube ni yana dariya.

"Tsoho mai ran ƙarfe, ka ji dai ko? Ba zan riga ka ba. Ka daina haramar gadon wayata."

Na ce masa wayar da gilashinta ya fashe gida huɗu, ko kyauta ba na so. Muka dawo gida.

Hassana ce ta fara lura. Rana ta biyu ta same ni a zaure ta ce mijinta ya yi sallar Azahar raka'a shida, da ta faɗa masa ya rantse huɗu ya yi. Rana ta uku ya sa ta rufe tagogi da zane, ya ce hasken rana yana soke masa ido, alhali kwanakin nan na damina ne, gari a lumshe. Ya daka wa Ummi tsawa don cokalinta ya bugi kwano, shi da ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Da idona na gan shi tsaye a tsakar gida riƙe da buta, ya daɗe, da na tambaye shi ya ce so yake ya tuna ko ya riga ya yi alwala. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya, ya zuba wa bango ido, kamar mai jiran wani ya miƙo masa sauran. Duk da haka, in an tambaye shi jiki, sai ya ce ai takarda ta ce babu komai.

Akwai wata likita da ta karɓi lambar wayata a asibitin tun ranar farko, Dokta Jumoke, Bayarabiya haifaffiyar Jos, wadda na san mahaifinta yana ɗinki a unguwarmu a shekarun baya. Ta kira ni ranar Asabar. Ta ce tana wani bincike a kan maza arba'in da suka bugu a ka, 'yan lodi da direbobin keke mai ƙafa uku da 'yan ƙwallo, tana kwatanta su da wasu arba'in masu lafiya. Ta ce hoton da aka yi wa Jabir yana nuna ginin ƙwaƙwalwa ne kawai, amma akwai wani hoton da ke nuna aikinta. Ta roƙi in kawo shi ranar Litinin wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta, inda take aron injin.

Mun je ranar sha bakwai ga wata, kwana shida bayan faɗuwar. Aka sa ya cire bel da zoben azurfa da duk wani abu na ƙarfe, saboda injin maganaɗisu ne babba. Siffarsa kamar bakin rijiya da aka kwantar a kan gefenta, da ɗan gado mai shiga ciki. Likitar ta ce masa abin da ake so da shi kawai ya kwanta minti takwas kada ya motsa, kada ya yi barci, kuma kada ya tilasta wa kansa tunanin komai. Jabir ya ce ai da ni aka kawo, domin aikin da nake yi ke nan tun da na yi ritaya. Ma'aikaciyar da ke ɗaure masa kai ta yi dariya. Da gadon ya shige da shi, injin ya fara bugu kamar maƙera goma a rumfa ɗaya. Ina leƙensa ta gilashi, tafin ƙafarsa kaɗai nake gani, kuma na ga yatsunsa sun dunƙule har aka gama. Da ya fito ya yi amai a bokitin shara, ya ce ƙarar ce.

Ranar Alhamis ta kira ni ofishinta ni kaɗai, domin Jabir ya ce ba zai iya hayaniyar titi ba. Ta juyo mini da kwamfuta. Ta bayyana cewa duk sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki yana jawo jini mai iska, kuma injin yana bin hawa da saukar wannan jinin a kowane sashe, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ko mutum yana kwance ba ya yin komai, akwai sassan da ke nesa da juna amma suna hawa tare, suna sauka tare, kuma ta haka ake gane cewa suna magana da juna. Ta nuna mini hoton da aka haɗa daga mutanenta masu lafiya: wani tabo ja a gaban kai, wani a can baya wajen tsakiya, da wasu biyu a gefe. Ta ce in ɗauke su kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, ba sa karo.

Sannan ta buɗe na Jabir. Tabon gaba yana nan. Na baya ya dushe, kamar garwashin da toka ta rufe. A ƙasan hoton akwai zane biyu masu hawa da sauka, ɗaya na gaba ɗaya na baya, kuma ba sai an yi mini bayani ba, na ga ba sa tafiya tare. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wasu wurare a gefen dama, waɗanda a hoton masu lafiya babu komai a kansu, amma a nasa sun yi ja wur. Na tambaye ta ko wannan alamar ƙarfi ce. Ta ce a'a, ana zaton wuraren da ke ɗaukar aikin da ba nasu ba ne, don mutum ya iya abin da da yake yi ba tare da wahala ba, kuma shi ya sa irin waɗannan mutane ke gajiya da abu kaɗan.

Na gane abin sarai, domin na gan shi a aikina. Idan ruwan sama ya shiga mahaɗar wayoyi, falwaya tana tsaye, waya ba ta tsinke ba, mai duba layi zai wuce a mota ya rubuta cewa komai lafiya. Amma kira ba ya wucewa ta hanyarsa, sai mu karkatar da shi ta wani gari, layin can kuma ya cushe. Na faɗa mata haka, ta ce kusan haka ne, sai dai ita ba ta da tsani da za ta hau ta gyara. Lokaci da hutu ne kaɗai ke yi.

Na roƙe ta ta ba ni takarda mai hatimi in kai wa Shu'aibu. Ta ƙi, kuma ta faɗa mini dalili ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta ce wannan hoton na bincike ne, yana da ƙarfi idan an kwatanta taro da taro, amma har yanzu ba a yarda a yanke wa mutum guda hukunci da shi ba, domin ko masu lafiya sun bambanta. Abin da za ta iya rubutawa shi ne shawarar hutu, kamar yadda kowane likita zai rubuta, ta kuwa rubuta. Sannan ta rufe kwamfutar ta dube ni.

"Baba, ciwon kan zai tafi kafin ƙwaƙwalwar ta koma daidai. Nan ne haɗarin. Zai ce maka ya warke, kuma ba ƙarya zai yi ba. In ɗan'uwana ne, wata guda ba zan bari wani abu ya sake bugun kansa ba, kome ƙanƙantarsa."

Na rubuta maganar a littafina, da kwanan wata.

Kamar yadda ta faɗa, haka aka yi. Ranar Juma'a Jabir ya tashi ya yaye zannuwan tagogi da kansa, ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya ɗaga Ummi sama. Ya ce mini ranar Litinin zai koma, domin ranar Talata mako biyunsa ke cika, kuma ba zai zauna yana kallo a ba wani gurbin da ya yi shekara shida yana nema ba. Na nuna masa shawarar likita. Ya ce takarda biyu ce, ɗaya na'ura ce ta rubuta ta ce lafiya, ɗaya mutum ne ya rubuta don tsoro. Na yi masa bayanin taɓaren nan biyu da ba sa tafiya tare. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce shi dai ba ya jin ana daka komai a kansa.

Bayan sallar Juma'a na tafi Farin Gada na sami Shu'aibu a rumfarsu. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin da biyar, wuyansa kamar kututturen itace, tsakiyar kansa babu gashi ko ɗaya, ba don sanƙo ba. Ya tashi ya ba ni bencinsa, ya aika aka kawo shayi. Na nuna masa hoton a wayata, na karanta masa maganar likita daga littafina kalma bayan kalma. Ya daɗe yana kallon jajayen tabon. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne takardar da na karanta da bakina a asibiti, kuma ƙa'idar mako biyu ba shi ya kafa ta ba, ya tarar da ita ne, in ya karya wa Jabir yau gobe kowa zai kawo hoto mai launi. Na ce masa ba alfarma nake nema don jikana ba, ransa nake nema. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce akwai hanya ɗaya: mutum in ya dawo bakin aiki, ko bai hau mota ba, ana lissafa shi ya dawo, gurbinsa kuma yana nan.

"Baba Injiniya, ka kwantar da hankalinka. Ba zai hau ko taya ba. Za mu ajiye shi a ƙasa har wata ya cika. Wanda ke ƙasa ina zai faɗa?"

Na yi masa godiya har sau uku. Na dawo gida ina jin na yi aikin dattijo, na shaida wa Hassana cewa an samu maslaha. Ban tambayi Shu'aibu mene ne aikin ƙasa ba. A raina, na ɗauka share wuri ne, ko riƙe igiya, ko ƙirga buhuna.

Jabir ya koma ranar Litinin, ashirin da huɗu ga wata. Ya dawo da la'asar ya kwanta, ya ce gajiya ce ta wanda ya kwana biyu bai yi aiki ba. Ranar Talata ya dawo bai ci abinci ba, kuma na ji Hassana tana tambayarsa abu ɗaya sau biyu kafin ya amsa. Ranar Laraba da hantsi, bayan ya fita, ta zo zaure ta durƙusa, ta ajiye wani abu a gabana. Tsumma ne da aka naɗe aka yi masa zobe, ya yi baƙi da gumi, ya baje kamar an take shi. Ta ce a aljihun wandon da ya cire jiya ta same shi, kuma ta ga ya naɗa wani sabo da safe.

"Kaka, ba gammo ba ne wannan? Mai share wuri me zai yi da gammo?"

Na ɗauki sandata na tari keke.

An yi ruwa da asuba, kasuwar ta zama laka da ruɓaɓɓen ganyen kabeji. Motoci sun toshe hanya tun daga bakin titi, dole na sauka na bi tsakaninsu a ƙafa, ina dafa jikin wannan ina kauce wa baron wancan. Daga nesa na hango shi. Wata ƙaramar mota ce cike da kabeji, tsakaninta da babbar motar kamar taku talatin. Mutum biyu suna tsaye a bayan ƙaramar, su kama buhu ta kunnuwa biyu, su lilo shi sau ɗaya, su sake shi a kan wanda ke jira a ƙasa. Sakinsa suke yi daga tazarar da ta kai taƙi guda, domin ba mai iya riƙe wannan nauyi ya sauke shi a hankali yana sunkuye. Na tambaya daga baya, aka ce buhun kabeji jiƙaƙƙe yana kai kilo saba'in. Na ga buhun ya sauka a kan Jabir. Na ga wuyansa ya nutse cikin kafaɗunsa, gwiwoyinsa sun lanƙwasa, sannan ya miƙe ya fara tafiya. Da ya isa gindin babbar motar, ya ɗan durƙusa, ya cilla buhun sama da kai da wuya lokaci ɗaya, na sama suka cafe. Ya juya ya koma layi.

Kafin in ratsa laka in isa wurin, an sake sakar masa biyu. Ina kira, amma muryata ba ta wuce ƙarar injuna ba.

Shu'aibu na fara cimma. Da ya gan ni ya washe baki, ya nuna mini Jabir da alfahari, ya ce in duba, tun Litinin ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Na ce masa ai na karanta masa cewa kada wani abu ya bugi kansa. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce ai ba abin da ya buge shi, kaya ne kawai. Ya ce a wurinsu sanannen abu ne, tun zamanin iyayensu, cewa kan da ya girgiza nauyi ne ke zaunar da shi, kamar yadda ake danne sabon daɓe. Shi kansa ya taɓa faɗowa, kuma da kaya ya warke. Ya ƙara da cewa don kulawa ma ya hana a ba Jabir buhun dankali, wanda ake goyawa a baya, ya ce a riƙa ba shi na kai zalla, don maganin ya fi kama shi.

Na tambaye shi buhu nawa Jabir ya ɗauka. Ya ce Litinin mota uku suka sauke, Talata huɗu, yau wannan ce ta biyu, kuma kowace mota rabon mutum ɗaya ba ya gaza goma sha biyu. Ina tsaye na lissafa: ya haura ɗari.

Na shiga layin da kaina na kama rigar Jabir. Ya juyo, gumi na zuba, gammon a karkace a kansa. Ya yi murmushi, amma gefe ɗaya na bakinsa ya fi ɗaya tashi.

"Tsoho, kai ma lodin ka zo? A ba shi latas guda ɗaya, kada ya karye."

'Yan lodin suka yi dariya. Na ce masa ya cire gammon mu tafi gida yanzu. Ya ce saura uku motar ta ƙare, ba a barin mota a tsakiya, abin kunya ne. Na ce ba zai ƙara ko ɗaya ba. Na juya ga Shu'aibu na ce in aka sake ɗora wa Jabir kaya, ni da shi ne a gaban Allah. Shu'aibu ya ga fuskata, ya ɗaga hannu, na bayan motar suka ajiye buhun da suka riga suka ɗaga. Wani ya ce a bar wa tsoho jikansa.

Jabir bai yi gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya bi ni kamar taku goma, sannan ya tsaya ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a kan wani buhun karas. Ya sa hannu zai cire gammon, hannun hagun ya tashi rabi ya koma cinyarsa, ya kalle shi kamar na wani. Na durƙusa a gabansa cikin laka na kama fuskarsa. Baƙin idonsa na dama ya buɗe ya fi na hagu girma, a cikin haske ɗaya.

"Tsoho," ya ce, a hankali, "wa ya kashe kasuwar? Ban ji kowa ba."

Kasuwa tana nan tana ci, wani direba ma yana danna ham a bayanmu. Na kira sunansa. Ya buɗe baki kamar zai ba ni amsa, ya tsaya a tsakiya kamar yadda yake yi a kwanakin farko, sai dai wannan karon bai ci gaba ba. Ya kife a kafaɗata.

Shu'aibu ne ya sungume shi, ya ruga da shi tsakanin motoci yana ture mutane, ni ina biye ina kiran Dokta Jumoke a waya. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in muka fita daga kasuwar a bayan ƙaramar motar nan, a kan ragowar kabejin da ba a sauke ba. Hoton da aka ɗauka a asibiti, irin na ranar farko, wannan karon ya nuna jini ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta a gefen dama, yana danne ta. Aka shiga da shi tiyata kafin la'asar.

Muna zaune a baranda na tambayi likitar ko kayan ne suka jawo. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Mai yiwuwa wata ƙaramar jijiya ta raunana tun ranar faɗuwar tana tsiyaya a hankali, ƙasa da abin da hoton farko zai iya gani, mai yiwuwa kuma sabuwa ce ta tsinke a kasuwa. Amma ko wanne ne, buhu ɗari a kan wannan kai ba su taimaka ba. Ta ce ita ma ba ta tambayi irin aikin da za a ba shi ba, da na gaya mata a waya cewa an ajiye shi a ƙasa. Shu'aibu yana zaune a ƙasa kusa da ƙafafunmu, ya haɗa kai da gwiwa har aka fito da Jabir.

Jabir ya farfaɗo bayan kwana huɗu. An sallame shi ranar Juma'a, goma sha biyar ga Satumba, bayan kwana hamsin da ɗaya a asibiti. Yana gane kowa, yana magana a hankali, yana jan ƙafar hagu, hannun hagunsa kuma ba ya riƙe kofi. Bai sake yin aiki a Farin Gada ba.